Yadda Za Ka Adana Man Haidirojin a Kumbon Wasanka Ba Tare da Tanki Ya Cinye Jirgin Ba

Duk wanda ya taɓa zana jirgin tafiya tsakanin taurari a wasa, ko a takarda ko a kwamfuta, ya san inda gizo ke saƙa. Ka gama tsara ɗakin matuƙi da ɗakunan kwana da rumbun kaya, kana jin daɗi, sai ka zo kan tankin mai ka tarar ya kwashe wurin da ka ware wa fasinja da haja. Haidirojin ne ke jawo haka. A kan sikeli babu man ƙonawa da ya kai shi: kilogiram ɗaya na ɗauke da megajul 120 na makamashi, fetur kuwa 43. Amma in da lita za a auna, ko an mai da shi ruwa megajul 8.5 kawai zai ba ka, fetur kuma wajen 32. Ba shi da nauyi, amma yana da cin wuri.

Na rubuta wannan ne domin masu zama a tebur da takarda da ƙwayar ludo bayan Isha a Unguwar Rimi ko Kawo, da kuma ɗaliban Kadpoly da KASU da ke gwada rubuta nasu wasan. Abin da nake so ka riƙe tun farko: babu hanyar matse haidirojin da ba ta karɓar kuɗinta a wani wuri, ko a nauyi, ko a lantarki, ko a lokaci, ko a haɗari. Aikinka shi ne ka zaɓi wanda jirginka zai iya biya.

Mataki na 1: Gano abin da wasanka ke ƙirgawa

Kafin ka taɓa lissafi, buɗe dokokin wasan ka duba: wuri ake ƙirgawa ko nauyi?

A Traveller, wasan tebur da Marc Miller ya fitar a 1977, wuri ne. Abin da ake kira tan ɗaya a jikin jirgi shi ne gurbin da tan ɗaya na ruwan haidirojin ke cikawa, kusan mita kubik 14. Jirgi yana tafiya tsakanin taurari ne da abin da wasan ke kira tsalle. Kowane tsallen fasek ɗaya, wato tazarar da haske ke yi a shekara 3.26, yana cin man da ya kai kashi 10 cikin ɗari na girman jirgin. A irin wannan wasa, duk mita kubik da ka ceto daga tanki riba ce, kuma babu dokar da za ta tambaye ka nauyin abin da ka zuba.

A wasan kwamfuta na Kerbal Space Program kuwa nauyi ne sarki, domin wasan yana bin lissafin roka da Konstantin Tsiolkovsky ya wallafa a 1903. Kowane kilogiram da ka ɗora yana rage gudun da za ka iya samu. Yawancin dabarun da ke ƙasa za su cuce ka a can.

Idan wasan naka ne kake rubutawa, shawarata ka ƙirga duka biyun. Layi ɗaya ne za ka ƙara a takardar jirgi, amma shi zai hana ɗan wasa mai wayo ya cika rumbu da ruwa ya ce ya samu mai kyauta.

Mataki na 2: Me injin ke yi da haidirojin ɗin?

Mutane da yawa suna tsallake wannan tambaya, ita ce kuwa ke raba dabarar da za ta yi da wadda ba za ta yi ba.

Idan injinka ƙona haidirojin yake da oksijin, kamar injinan RS-25 na kumbon Amurka mai zuwa ya dawo, to ka manta da ajiye shi a matsayin ruwan sha. Ruwa shi ne tokar wannan ƙonawar. Lantarkin da za ka kashe ka raba shi ya fi abin da za ka samu in ka sake ƙona shi, sai dai in kana da wata tushen wuta ta daban, kamar nukiliya ko hasken rana.

Idan injinka ɗumama haidirojin yake a tukunyar nukiliya ya fesar da shi ta baya, irin shirin NERVA da Amurka ta gwada kafin ta rufe shi a 1973, to rashin nauyin ƙwayar haidirojin shi ne amfaninsa. Irin wannan inji yana ba da kusan ninki biyu na abin da injin ƙonawa ke bayarwa a kan kowane kilogiram na mai. Ka zuba masa ruwa ko amoniya kai tsaye zai yi aiki, amma wannan fifikon zai zube sosai.

Idan kuma injin haɗe ƙwayoyin zarra ne, abin da yake so shi ne diyuteriyam, wato haidirojin mai nauyi, wanda ake samun ƙwaya ɗaya a cikin kusan 6,400 a ruwan teku. Nan amsar a fili take. Ruwa mai nauyi yana riƙe da wajen kilogiram 220 na diyuteriyam a mita kubik, alhali ruwan diyuteriyam zalla wajen 165 ne, kuma yana buƙatar sanyi mai tsanani. Ka dai kula, ruwa mai nauyi yana daskarewa tun a digiri 3.8 sama da sifiri, don haka tankinsa na son ɗumi kaɗan.

Ga injin tsalle na ƙagaggen labari, alƙalin wasa ne zai yanke hukunci. Ni dai ina sa sharaɗi ɗaya: injin tsalle ba ya shan komai sai tsarkakakken ruwan haidirojin, kuma yana shanye shi a farkon tsalle. Sauran bayanin nan a kan wannan sharaɗi na gina shi.

Mataki na 3: Rubuta adadinka, ka auna shi da tankar mai

Mu ɗauki jirgin fatake da ke buƙatar tan 20 na haidirojin a kowane tsalle. Mita kubik ba ta zama a kan mutum da sauƙi, don haka ina aunawa da tankar fetur mai lita 33,000, irin waɗanda ke jere a hanyar Kachia kusa da matatar mai. Tanka ɗaya mita kubik 33 ke nan.

A matsin iska na yau da kullum, mita kubik ɗaya na haidirojin gram 90 ne kacal. Wannan ba ma abin tattaunawa ba ne. Ka matse shi zuwa ninki 700 na matsin iska, kamar yadda ake yi a motar Toyota Mirai, za ka samu wajen kilogiram 40 a mita kubik. Tan 20 ɗinmu za su ci mita kubik 500, tanka 15. Abin bai tsaya nan ba: a irin wannan tanki haidirojin bai kai kashi 6 cikin ɗari na nauyin ba, sauran duk jikin tukunyar ne, don haka za ka ja wajen tan 350 na tanki. Ka bar wannan wa ƙananan jiragen sauka da janareton gaggawa.

Ruwan haidirojin shi ne ma'aunin da ake gwada komai da shi. James Dewar ne ya fara samar da shi a 1898, shi ne kuma ya ƙirƙiro kwalba mai bango biyu da babu iska a tsakaninsu, wadda daga cikinta fulas ɗin shayi ya samo asali. Sai an sauke shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri yake zama ruwa, kuma mita kubik ɗaya kilogiram 71 ne. Tan 20 za su cika mita kubik 282, tanka takwas da rabi. Don ka ga girman matsalar a zahiri, dubi babban tankin kumbon Amurka mai zuwa ya dawo: ɓangaren haidirojin ya kai wajen mita kubik 1,500 amma tan 106 kawai yake ɗauka, ɓangaren oksijin kuwa mita kubik 550 ne yana ɗauke da tan 630.

Akwai ƙaramin ci gaba a nan da ya dace da jirgin soja. In ka ƙara sanyaya ruwan zuwa digiri 259 ƙasa da sifiri har rabinsa ya daskare ya zama kamar ƙanƙara a cikin ruwa, yana matsuwa da wajen kashi 15 cikin ɗari. Mita kubik 282 za su koma 245. Tanka ɗaya da 'yan kai ka ceto, ba tare da ƙarin nauyin mai ba. Matsalarsa ita ce da zarar ɗumi ya shiga ya narke, zai nemi wurinsa na da, don haka dole a yi amfani da shi da wuri.

Mataki na 4: Zaɓi abin da za ka ɗaure haidirojin da shi

Nan ne abin ke ba mutane mamaki a tebur. Lita ɗaya ta ruwan famfo ta fi lita ɗaya ta ruwan haidirojin yawan haidirojin. Dalili kuwa, ƙwayoyin haidirojin in suna su kaɗai ba sa riƙe juna da ƙarfi, sai su bar sarari a tsakaninsu. In an ɗaure su da wata ƙwaya kamar oksijin ko naitirojin ko kabon, sai su matsu. Ko tukunyar gas ta girki mai kilogiram 12.5 da ke kicin ɗinku tana ɗauke da fiye da kilogiram 2 na haidirojin, kuma lita da lita ta fi ruwan haidirojin zalla.

Ruwa. Kashi 11 cikin ɗari na nauyinsa haidirojin ne, wato kilogiram 111 a mita kubik. Tan 20 na haidirojin suna cikin tan 180 na ruwa, mita kubik 180, tanka biyar da rabi. Ba ya son sanyi na musamman, ba ya ƙonewa, ba ya guba, ana sha, ana wanka, kuma ana samunsa a matsayin ƙanƙara a wurare da yawa a sararin samaniya. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ka ƙara wa jirgi tan 160 na oksijin da ba ka nema ba, sannan raba ruwa da lantarki yana cin kilowat-awa 50 zuwa 55 a kan kowane kilogiram na haidirojin a injinan da ake da su yau. Ko da inji marar asara ko kaɗan, ba za ka sauka ƙasa da 39 ba, domin wannan iyakar daga ɗaurin ƙwayoyin ne da kansu.

Amoniya. Ita na fi so ga jirgin da ke ƙirga nauyi da wuri gaba ɗaya, kuma ina ganin ba a ba ta hakkinta a wasanni. Ita ce ake sarrafawa ta zama takin yuriya a masana'antu irin ta Dangote a Lekki da ta Indorama a Eleme. Kusan kashi 18 cikin ɗari na nauyinta haidirojin ne, tana zama ruwa a digiri 33 ƙasa da sifiri, kuma a haka mita kubik na riƙe kilogiram 121. Tan 20 ɗinmu suna cikin tan 113 na amoniya, mita kubik 166, tanka biyar. Ta fi ruwa matsuwa, ta fi shi rashin nauyi da tan 67, kuma fasa ta da zafi yana cin kusan kashi ɗaya cikin tara na makamashin da raba ruwa ke ci, in aka gwada su a kan iyakar lissafi. Ana bi da ita ne ta kan wani ƙarfe mai gaggauta aikin, kamar nikel, a zafin ɗaruruwan digiri. Aibinta guba ce. In bututu ya fashe a cikin rufaffen jirgi, ido da huhu ne za su fara biya. Ka sa wannan a doka, kada ka ɓoye wa 'yan wasa.

Metan, wato gas ɗin ƙasa irin wanda ake mai da shi ruwa a Bonny, kuma wanda aka tsara bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano dominsa. Kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa haidirojin ne, don haka tan 80 kawai kake buƙata, mafi rashin nauyi a cikin ukun. Wurinsa mita kubik 190 ne, a digiri 162 ƙasa da sifiri. In ka fasa shi da zafin da ya kai wajen digiri 1,000, zai bar maka tan 60 na baƙin kabon mai toshe bututu. Ga alƙalin wasa wannan kyauta ce: dole wani ya shiga ya kankare tukunyar, kuma kabon ɗin haja ce da za a iya sayarwa a wata tasha.

Sai ƙarafa masu shan haidirojin. Wasu ƙarafa suna tsotse shi su riƙe a jikinsu, in an ɗumama su sai su sake shi. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus samfurin 212 da wannan hanya suke ajiye nasu. Haɗin maganiziyam yana riƙe wajen kilogiram 110 a mita kubik, amma kashi 7.6 cikin ɗari na nauyinsa ne kawai haidirojin, kuma sai an kai shi wajen digiri 300 yake saki. Tan 20 na bukatar tan 263. Akwai haɗin maganiziyam da baƙin ƙarfe da ke kai kilogiram 150 a mita kubik, mita kubik 133 kacal, amma nauyinsa ya haura tan 360. Kuma waɗannan alƙaluma na dunƙulallen abu ne. A aikace gari ake zubawa, gari kuma yana da sarari a tsakani. Ya dace da tashar da ba ta motsi, ko ma'ajiyar ɓoye da aka binne a wani wata shekara da shekaru, domin ba ya tsiyayewa.

Mataki na 5: Raba ma'ajiyarka gida biyu

Yanzu ga tsarin da nake ba da shawara. Kada ka nemi hanya ɗaya ta yi maka komai. Ka ba jirgi tankin aiki na ruwan haidirojin daidai tsalle ɗaya, sannan rumbun ajiya na ruwa ko amoniya domin tsalle na gaba, da injin sarrafawa a tsakaninsu.

Jirginmu yana son ya yi tsalle biyu ba tare da ya sha mai ba. In duk ruwan haidirojin ne, mita kubik 564 ke nan. In tankin aiki 282 ne da rumbun ruwa 180, ya zama 462. Ka ceto mita kubik 102, tanka uku. Da amoniya ka ceto 116. A kan tsalle uku ribar ta ninka, domin tankin aiki ɗaya ne ake ta sake cikawa. Daga cikin ribar sai ka cire wurin injin sarrafawa. A teburina ina ba shi mita kubik 30, wannan kuma hukuncin wasa ne, kai ma ka sa naka. Ka lura da abin da lissafin ke nunawa: jirgin da tsalle ɗaya yake yi tsakanin tasha da tasha ba shi da abin da zai samu daga wannan tsari, asara ma zai yi. Na masu dogon zango ne, 'yan leƙen hanya da masu fasa-ƙwauri da masu gudun tashar da ake nemansu.

Sai lokaci. A Traveller kowane tsalle yana ɗaukar kusan mako guda, kuma tunda injin ya shanye mai tun farko, tankin aiki a wofi yake duk tsawon makon. Shi ne lokacin cika shi. Raba ruwa don samun tan 20 zai ci megawat-awa 1,000. Mai da iskar ruwa yana ƙara wajen kilowat-awa 10 a kilogiram, wato wasu 200. Jimla 1,200. Madatsar Shiroro da ke kan kogin Kaduna, mai megawat 600, sai ta yi awa biyu tana aiki da dukan ƙarfinta kafin ta ba da haka. In ka shimfiɗa shi a kan awa 168 na mako, megawat 7 ne ba tsayawa. In kana so a gama a kwana ɗaya, megawat 50. Rubuta wannan lamba kusa da ƙarfin injin wutar jirgin. In ba ta shiga ba, to jirgin zai fito daga tsalle da rabin tanki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abu biyu da ake mantawa. Na farko zafi: wajen kashi ɗaya cikin uku na wannan wutar zai koma zafin banza, fiye da megawat 2, kuma a sarari babu iskar da za ta kwashe shi, sai faranti masu fitar da zafi. Na Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, waɗanda amoniya ce ma ke zagayawa a cikinsu, an tsara su ne a kan wajen kilowat 70. Kai kana neman fiye da ninki 30 na haka. Jirgin da ke sarrafa mai yana haske a na'urar hango zafi ta abokan gaba, ka sa wannan a wasa. Na biyu oksijin: tan 160 za su fito, mutum kuma bai cika shaƙar kilogiram ɗaya a rana ba. Ma'aikata shida ba za su ci tan biyu a shekara ba. Sauran ko a zubar, ko a mai da shi ruwa a sayar, ko a ajiye wa ƙananan injinan juya jirgi.

Mataki na 6: Sa dokar tsiyaya

Ruwan haidirojin ba ya zama. Komai kyan rufin tanki, ɗumi na shiga kaɗan kaɗan, ruwan ya tafasa, dole a saki iskar kada tanki ya fashe. Motar BMW Hydrogen 7 ta 2006, in an ajiye ta, tankinta kan kusan ƙarewa cikin ƙasa da mako biyu. Manyan tankuna sun fi riƙewa nesa ba kusa ba, domin in abu ya girma cikinsa ya fi fatarsa saurin ƙaruwa. Shi ya sa NASA ke ajiye nata a manyan tankuna masu siffar ƙwallo a tashar Kennedy. Darasin zane a nan: babban tanki ɗaya mai zagaye ya fi ƙanana shida da aka cusa a lunguna.

Ga wani sirri da zai ba teburinka ɗanɗano. Ƙwayar haidirojin iri biyu ce, ana kiransu oto da fara, bambancinsu yadda cibiyoyin biyu ke juyawa. A ɗumin ɗaki kashi 75 cikin ɗari oto ne. In aka mai da shi ruwa, oto yana komawa fara a hankali cikin kwanaki, kuma wannan sauyi yana fitar da zafin da ya fi wanda ake buƙata don tafasa ruwan. Ma'ana, man da aka sanyaya da gaggawa yana dafa kansa daga ciki, ko da rufin tanki ba shi da aibi. Masana'antu na gaskiya suna bi da shi ta kan tsatsar ƙarfe yayin sanyayawa domin sauyin ya auku tun a can. To ga ɗan kasuwar wata tashar bayan gari da ke sayar da mai da araha saboda ya tsallake wannan mataki. 'Yan wasa za su saya suna murna, bayan kwana uku injiniya ya ga allura tana sauka. Arha ba ta ado.

Dokar da nake amfani da ita mai sauƙi ce, kuma ta wasa ce, ba ta littafin kimiyya ba. Tanki mai injin sanyaya da ke aiki ba ya asara. In injin ya tsaya, kashi 1 cikin ɗari a rana. Man araha, kashi 3 a rana na mako guda. In an harbi tanki, a jefa ƙwayar ludo biyu, abin da ya fito shi ne kashin da ke zuba a kowace awa har a toshe. Sau ɗaya a shekarar wasa kuma a jefa don duba bututu, domin haidirojin yana shiga jikin ƙarfe ya sa shi gautsi.

Kada ka manta da wuta. Haidirojin yana kamawa in ya kai kashi 4 zuwa 75 cikin ɗari na iska, kuma harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana. Ma'aikatan NASA a da kan miƙa tsintsiya a gabansu in suna zargin yoyo. In bakinta ya kama, sun san wuta na nan. Injiniyan jirginka da ke tafe a lungu da tsintsiya a hannu ya fi kowace ƙararrawa sa 'yan wasa su yi tsit.

Mataki na 7: Ina za ka ajiye su a jikin jirgi?

Ruwa ya kewaye ɗakunan mutane. Abubuwa masu yawan haidirojin suna da kyau wajen tare hasken da ke cutarwa a sarari, don haka rumbunka ya zama garkuwa, sai dai garkuwar tana raguwa yayin da kake cinye ta. Amoniya ta zauna a wajen ɓangaren da ake shaƙar iska, bututunta kada ya ratsa ɗakin kowa. Tankin aiki ya yi nesa da injin wuta da faranti masu zafi, da laima tsakaninsa da tauraro mafi kusa. Kuma inda babu nauyi ruwa ba ya kwanciya a gindin tanki, yawo yake, don haka kafin a buɗe famfo sai an ɗan tura jirgi gaba ya taru a wuri ɗaya. Minti biyu ne a wasa, amma minti biyu ne da mai binka zai samu.

Mataki na 8: Haidirojin ƙarfe, in za ka bari ya shigo

Wani zai tambaya, ko ba jima ko ba daɗe. A 1935 Eugene Wigner da Hillard Huntington sun yi hasashen cewa in matsi ya yi tsanani haidirojin zai koma ƙarfe, kuma masana suna ganin haka yake a cikin duniyar Mushtari. A 2017 Ranga Dias da Isaac Silvera na jami'ar Harvard suka ce sun samar da shi a matsin da ya kusa ninki miliyan 5 na iskar duniya, tsakanin lu'ulu'u biyu. Masana da yawa ba su yarda ba, samfurin kuma ya ɓace da lu'ulu'un ya fashe. Ƙiyasin da ake yi shi ne ya fi ruwan haidirojin matsuwa da kusan ninki 10, wato tan 20 ɗinmu su shiga tanka ɗaya.

Wasanni suna ɗauka cewa zai zauna a ƙarfensa bayan an cire matsi. In ka yarda da haka a teburinka, to ka yarda da abin da ke biye. Komawarsa iska tana sakin wajen megajul 216 a kilogiram, kusan ninki 50 na nakiyar TNT. Tan 20 sun yi daidai da tan 1,000 na nakiya. Ni ba na sayar da shi a kasuwa. Ina barinsa a hannun rundunar daula, ko a cikin tsohon jirgin wata al'umma da ta shuɗe, kuma babu tashar farar hula da ke barin mai ɗauke da shi ya matso.

Mataki na 9: Gwada jirgin a taswira kafin ranar wasa

Zana hanya mai tsalle uku ka rubuta abin da ke kowace mahaɗa, domin abin da za ka iya ɗiba shi ne zai tabbatar da zaɓinka. Duniya irin Mushtari ko Zuhal tana ba da haidirojin kai tsaye, gauraye da hiliyam da ɗan metan da amoniya da sai an tace. Zoben Zuhal kusan duk ƙanƙarar ruwa ce, haka fuskar Yuropa, wani watan Mushtari. Taitan, wani watan Zuhal, yana da tafkunan metan. A wasan Space Engineers ƙanƙara ake haƙowa a zuba a inji ya raba ta, a wasan Elite Dangerous kuma daga jikin wasu taurari ake kamfata. In taswirarka cike take da ƙanƙara, ɗauki ruwa ko da ya fi nauyi, domin amoniyar da ba za ka samu a hanya ba tsalle ɗaya kawai za ta yi maka.

Sai ka bi hanyar da fensir, rana bayan rana. A kowane layi rubuta abin da ke tankin aiki, abin da ke rumbu, nauyin jirgi, da wutar da ta rage bayan injin sarrafawa ya ɗauki megawat 7 ɗinsa. A tsalle na biyu ka kashe injin sanyaya na kwana huɗu ka ga ko tan 20 za su cika. In sun gaza da kilogiram 800, ƙara tan 8 na ruwa a rumbu, ko ka rage fasinja biyu ka faɗaɗa tankin aiki da mita kubik 12.